Na kai takarda ofis, ɗan kwangila ya ba ni amsa

Malam Edita,

Don Allah ka ba ni ɗan fili in amayar da abin da ya tsaya mini a maƙoshi tun watan jiya.

Akwai kwalbati a bakin unguwarmu da aka gina bara, damina ɗaya ta tafi da ita. Allon kwangilar yana nan a kafe, amma babu kuɗin aikin a jiki. Yanzu katako biyu muka gitta, a kansu yara ke tsallakawa zuwa makaranta, a kansu aka tallabo wata mai naƙuda da tsakar dare domin a-daidaita-sahu ba ya iya shigowa.

Sai na rubuta takarda zuwa ofishin da ya ba da aikin. Abin da na tambaya bai taka kara ya karya ba: nawa aka ware, nawa aka biya, kuma wa ya sa hannu cewa aiki ya yi kyau. Na kafa hujja da dokar 'yancin samun bayanai, wadda ka fi ni sanin wahalar da ta sha. Tun 1999 take yawo a majalisa, Obasanjo ya sauka a 2007 bai sa mata hannu ba, sai Jonathan a watan Mayun 2011. Dokar ta ba su kwana bakwai su amsa, kuma ba sai na faɗi dalilina ba.

Jami'in da na tarar ya juya takardar gaba da baya, ya dube ni ta saman tabarau, ya ce, "Baba, wa ya turo ka?" Na ce kwalbati ce ta turo ni. Ya ce ai wannan sirrin gwamnati ne. Sirri! Kwalbatin da kowa ke kallon rodinta a waje, ita ce sirri. Da ƙyar ya buga hatimi a kwafina.

Kwana bakwai suka wuce shiru. Amma a rana ta huɗu wayata ta yi ƙara, sai ga muryar da ban sani ba: "Alhaji, me na tsare maka?" Ɗan kwangilar ne. Ya san sunana, ya san layinmu, har ya karanto mini abin da na rubuta. To Malam Edita, wa ya ba shi? Takarda ɗaya na rubuta, hannu ɗaya na miƙa wa. Kuɗin jama'a ya zama sirri, lambar wayata da adireshin gidana kuwa an watsa su kamar goron ɗaurin aure.

Wannan shi ya fi ƙona mini rai. Mun bi layi a rana mun yi NIN, mun yi BVN, mun dangwala yatsu goma, an ce a haɗa da layin waya mun haɗa. Gwamnati ta san komai namu. A 2023 aka sa hannu kan dokar kare bayanan mutane, aka kafa mata hukuma, amma ga shi ofishin gwamnati da kansa ya miƙa ni ga mutumin da nake tambaya a kansa. Bayan wannan, wa zai ƙara kai takarda? Maƙwabcina cewa ya yi, "Ai ka ja wa kanka."

Manyanmu ma haka suke. Suna cike takardar bayyana kadarori, a kulle ta a durowa, talaka bai isa ya gani ba. Matasan unguwa kuma da na ce su zo mu sa hannu tare, dariya suka yi, suka ɗauki bidiyon ramin suka sa a TikTok, shi ke nan an gama gwagwarmaya.

An ce in tafi kotu, wai akwai tarar naira 500,000 ga wanda ya hana bayani ba bisa ƙa'ida ba. Da fanshon malamin firamare zan ɗauki lauya? Ka turo wakilinka ya gani da idonsa. Kwafin takardar yana wurina da hatiminsa, ɗaya daga cikin katakon nan kuma ya fara tsagewa.

Naka,
Tsohon malamin firamare, mai karanta jaridarku kullum