Yabon Kai da Neman Aure ta Intanet a Birnin Katsina

Gabatarwa

Masu iya magana sun ce, yabon kai jahilci. Wannan karin magana ya daɗe yana tsare bakin Bahaushe, balle Bakatsine, wanda ake yi wa garinsa kirari da ɗakin kara. Amma ga shi zamani ya zo da wata sabuwar al'ada, wadda ta sa saurayi da budurwa, da bazawari da bazawara, suke zama su rubuta bayanin kansu da hannunsu, su aika wa masu shafukan haɗa aure na Facebook ko zaurukan WhatsApp don neman abokin zama. Kowa so yake nasa bayanin ya ja hankali. Abin tambaya shi ne, wane irin bayani ne ya cancanci a ce ya yi kyau?

Yadda Aka Saba

A da, mai neman aure ba shi ne yake bayyana kansa ba. Idan yaro ɗan Gambarawa ya ga yarinya 'yar Rafin Daɗi, ya fara zuwa zance, to kafin a karɓi kayan na-gani-ina-so sai iyayenta sun sa an yi bincike. Baffa zai tambayi mai unguwa da liman da abokan sana'ar uban yaron, gwaggo kuwa ta bi ta wajen mata. Kafin mako ya zagayo an san asalinsa da halinsa da abin da yake ci da shi. Wanda ya ba da shaida kuma ba ya iya gudu, domin gobe ma za a gamu da shi a masallaci ko a Ƙofar Soro. Wato dai, wasu ne suke magana a kan mutum, kuma mutuncinsu ne jingina.

Wannan tsari ya raunana ne saboda garin ya fi ƙarfin ganuwarsa. Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a 1987 ma'aikata suke ta kwararowa. Jami'ar Al-Qalam da aka kafa a 2005, da ta Umaru Musa 'Yar'adua da ta biyo baya, sun tara samari da 'yan mata daga nesa. Rashin tsaro kuma ya koro iyalai daga yankunan Jibiya da Batsari da Safana. Ga wayar salula, wadda ta shigo Nijeriya a 2001, ta kai zance har cikin ɗaki. Saboda haka ba daidai ba ne a yi wa sabuwar hanyar nan kuɗin goro a ce duk ɓarna ce. Akwai bazawara mai 'ya'ya, da ma'aikaciyar da ba ta da lokacin zance, waɗanda ta nan suke samun mijin kirki. Ba kuma Hausawa kaɗai ba ne: an buɗe shafin Match a Amurka tun 1995, an kuma ƙirƙiro manhajar Muzmatch a Ingila domin Musulmi, wadda ta koma Muzz a 2022.

Kirari Daban, Shaida Daban

Bahaushe yana da fagen da ya yarda mutum ya yabi kansa, shi ne kirari. Ɗan dambe da maharbi da ɗan tauri sukan kambama kansu, ba kuwa wanda yake ce musu maƙaryata, domin kowa ya san kambamar zulaƙe adon fagen ne. Kuskuren masu neman aure ta intanet shi ne, sun ɗauki bayanin kai tamkar kirari, alhali mai karantawa shaida ya ɗauke shi, kuma a kansa zai gina rayuwa.

A dubi kalmomin da aka fi yawaitawa. "Ɗan kasuwa" ta haɗa mai rumfuna a babbar kasuwa da wanda yake zaman kashe wando a bakin rumfar wani. "Mai rufin asiri" ba ta da awo. "Mai addini" kowa yana rubuta ta, har ta zama kamar sallama. Wata takan zaftare shekarunta, wani kuma ya manta da ambaton uwargida da 'ya'ya biyar. Hoton ma an wanke shi da manhajar gyaran fuska, baƙa ta koma wankan tarwaɗa, wankan tarwaɗa ta koma fara sol. Irin wannan ciniki shi ake kira sayen kifi a ruwa. Ramin ƙarya kuwa ƙurarre ne: ranar da aka ga juna, ko bayan an kai amarya, sai gani ya kori ji, a ƙare a gaban alƙali.

Shari'a ba ta ɗauki ɓoye aibi da wasa ba. Littafin Risala na Ibn Abi Zaid Alƙairawani, wanda ake karantawa a zaurukan malaman Katsina, ya kawo aibobin da ake iya warware aure saboda su, kamar hauka da kuturta da albaras. A 2024 kuma Jihar Kano ta yi dokar da ta wajabta gwajin lafiya kafin ɗaurin aure, har da gwajin jini don kauce wa haihuwar masu cutar sikila. Duka biyun abu guda suke nunawa, wato ba a gina aure a kan rufa-rufa.

Bayanin da Ya Dace

Bayani mai kyau shi ne wanda zai jure bincike. Ya kamata mai nema ya faɗi shekarunsa na gaskiya, da matsayinsa na aure, da yawan 'ya'yansa, da zurfin karatunsa, da rukunin jininsa, da garin da za a zauna. Ya ambaci sana'arsa da sunanta. Wanda ya ce shi malamin firamare ne, yana ɗan kiwon tumaki, yana zaune a gidan gado tare da mahaifiyarsa, ya fi jan hankalin mace mai hankali a kan wanda ya jera siffofi goma na yabo, domin ta ga mutum, ta kuma san abin da za ta tarar. Haka kuma a sassauta sharuɗɗa. Mai neman fara, doguwa, mahaddaciya, likita, 'yar shekara ashirin, kansa kawai ya tona.

Sai dai faɗin gaskiya ba shi ne tallar kai ba. Bai kamata budurwa ta baza lambar wayarta da kwatancen gidansu da hotunanta ga duk mai wucewa ba. A 2012 wasu da suka ƙulla abota da wata ɗalibar Jami'ar Jihar Nasarawa ta Facebook sun yaudare ta zuwa Legas, suka kashe ta a ɗakin otal. Abin da ya fi shi ne a sa lambar waliyyi, uba ko wa ko kawu. Mai niyyar aure ba ya tsoron muryar dattijo, mayaudari kuwa da ya ji ta sai ya sulale.

Kammalawa

Intanet tana iya haɗa mutum biyu, amma ba ta iya tsaya wa kowa shaida. Don haka wajibi ne masu shafukan haɗa aure su riƙa tantance bayani kafin su wallafa, Hukumar Hisba ta Jihar Katsina, wadda aka kafa a 2023, ta sa ido a kansu, iyaye kuma kada su yar da bincike. Manazarta Hausa su ma ga fage ya samu, domin waɗannan gajerun bayanai sabon nau'in rubutu ne da yake nuna yadda kunya take kokawa da bukata. Wanda duk zai rubuta nasa, ya rubuta abin da ba zai ji nauyi ba idan aka karanta shi a gaban mai unguwarsu.