Ina Jajin Ɗalibanmu Mata?

A hutun daminar da ta wuce, wani dattijo a Agwada ya tare ni bayan sallar La'asar ya ce: "Malam, ku da kuke cikin abin, ka gaya mini tsakaninka da Allah. An ce idan yarinya ta shiga jami'a sai an sa ta a ƙungiya, an ɗaura mata rantsuwa cikin dare. Haka ne?" 'Yarsa ta ci jarrabawa, takardar shiga tana hannu, amma ya yi kememe ya ce ba inda za ta. Na yi iyakar ƙoƙarina na kwantar masa da hankali, sai dai da na kaɗaita na ga tambayar ta fi ƙarfin amsar da na ba shi. Kalmar "ƙungiya" ta lalace a bakin mutanenmu, har ta kai duk inda 'yan mata biyar suka zauna da shugaba da littafin suna, sai a shiga kallonsu da wutsiyar ido. Wannan ɓarna ce babba, kuma mu malaman Hausa muna da kaso a cikin laifinta.

Tsoron dattijon yana da tushe, domin wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. A 1952 Wole Soyinka da abokansa shida suka kafa ƙungiyar Pyrates a Kwalejin Jami'a ta Ibadan, da nufin yaƙar ƙabilanci da girman kan 'yan boko. Daga baya abin ya rarrabu, rassa suka riƙiɗe suka zama ƙungiyoyin asiri masu makami, har mata ma suka yi nasu, irin su Black Bra da Daughters of Jezebel. Ranar 10 ga Yuli, 1999, 'yan asiri suka kashe ɗalibai biyar a Jami'ar Obafemi Awolowo da ke Ile-Ife. Uban da ya ji irin wannan labari ba a ce masa matsoraci.

To amma daga nan sai jama'a suka rabu gida biyu, kuma dukansu sun saki hanya. Na farko suna cewa a rushe duk wani taron ɗalibai mata, kowace ta yi karatunta ta koma gida. Waɗannan sun manta cewa yarinyar da ta fito daga ƙauye, ba ta da yaya ba ta da ƙawa, ita ce naman da ya fi sauƙin kamu ga 'yan asiri, da 'yan damfara, da malamin da ba ya tsoron Allah wanda ke sayar da maki da mutunci. Kaɗaici ba ya kare kowa.

Na biyu kuwa, galibi 'yan matan da suka ga abin a finafinai da intanet, suna cewa a kwaikwayi ƙungiyoyin 'yan'uwantakar mata na jami'o'in Amurka. Ba na raina tarihin waɗannan. Ta farkonsu an kafa ta a 1851 a kwalejin mata ta Wesleyan da ke jihar Jojiya. A 1908 ɗalibai baƙar fata na Jami'ar Howard suka kafa Alpha Kappa Alpha, wadda Kamala Harris take cikinta, a 1913 kuma aka kafa Delta Sigma Theta, wadda a shekarar ta shiga jerin gwanon neman 'yancin zaɓe ga mata a Washinton. Suna da launinsu da alamarsu da bikin karɓar sababbi. Sai dai zanen aro ba ya rufe katara: haruffan Girka da rantsuwar ɓoye, idan aka sauke su a ƙasar da asiri ya ci rayuka, wane uba ne zai bambance su da abin da yake tsoro?

Abin takaicin shi ne muna da namu, wanda ya girmi na Amurka, muka rataye shi. Nana Asma'u 'yar Shehu Usmanu ɗan Fodiyo, wadda aka haifa a 1793 ta rasu a 1864, ta kafa 'Yan Taru tun kafin 'yan matan Jojiya su yi nasu. Tsarin a bayyane yake. Kowane ayari na matan ƙauye yana da jagora da ake kira jaji, dattijuwa mai mutunci, wadda ake naɗa wa malfa da jan rawani a bainar jama'a. Malfar nan a da alama ce ta Innar Gobir, shugabar bori, sai Asma'u ta karɓe ta ta mayar da ita tambarin ilimi. Jaji kan jagoranci 'yan mata ƙanana da matan da suka manyanta, su yi tattaki zuwa wurin Asma'u, su haddace waƙoƙin da ta tsara domin koyar da addini da kyawawan halaye, su koma su koyar da matan aure da ke cikin gida. Guzurin da suka kawo na hatsi da zuma da tufa, ana raba shi ga mabukata. Da ta rasu, ƙanwarta Maryam ta ci gaba da riƙon aikin. Ga shugabanci, ga alama, ga bikin naɗi, ga hidimar jama'a, ga gado daga hannu zuwa hannu. Me ya rage da za a je nema a ƙetare?

A nan ne laifinmu yake. Mun mayar da Asma'u tambayar jarrabawa. Ɗaliba takan lissafo mana waƙoƙinta da karinsu da amsa-amonsu, ta ci maki, ta fita ba tare da ta taɓa jin cewa matar nan mai tsara jama'a ce ba. Sai da Jean Boyd ta fitar da littafinta a kan Asma'u a 1989 da yawanmu muka farga da girman 'Yan Taru, amma har yau abin bai sauko daga kan kanta ba.

Wani zai ce 'Yan Taru aikin Musulunci ne, alhali a Jihar Nasarawa ajinmu ɗaya da Kirista. Gaskiya ne, kuma ba zan ɓoye asalin abin don in faranta wa kowa ba. Amma ɗalibar da ta tashi tana ganin mahaifiyarta cikin anko na Zumuntar Mata a coci ta san ma'anar jagora da ayari da ziyarar marar lafiya. Adashi da ƙawance da gudummawar biki kuwa ba su tambayar addini. Tsarin ake buƙata, kuma tsarin yana ɗaukar kowa.

Saboda haka kirana ga ɗalibanmu mata shi ne su kafa ƙungiyar da ba ta da dare. Littafin sunayenta ya kasance a buɗe ga hukuma da iyaye. 'Yan ajin ƙarshe su zama jajoji, kowace ta riƙe sababbin shiga kaɗan, ta nuna musu hanya, ta tsaya tare da su idan an nemi a zalunce su. A yi adashi domin wadda kuɗin makaranta ya gagara. Kowace shekara a miƙa malfa da rana tsaka a gaban jama'a. Idan hutu ya zo, ayari ya fita zuwa Agwada da Garaku da sauran ƙauyukan da ke kewaye da Keffi, a koya wa ƙanne karatu, a zauna da iyaye mata.

Ranar da dattijon nan ya ga ayarin ɗalibai sun sauka a ƙofar gidansa, jajinsu na gaba da malfa, ta durƙusa ta ce, "Baba, mun zo biko, ka ba mu ƙanwarmu," ina kyautata zaton amsar da na kasa ba shi za ta isa kunnensa. Kafin nan, takardar yarinyar tana nan cikin akwati, lokaci kuma yana tafiya. Allah ya sa mu farga.