Keken da ba ya zuwa ko'ina

Duk wanda ya bi hanyar Madarumfa zuwa Maraɗi da sanyin safiya ya san mutanen nan masu tuƙa kekuna da daurin itace ko buhun gero a baya, sama da kilomita 20 ba tsayawa. Mu ma'aikata da ƴan kasuwa mukan wuce su bisa moto ko cikin mota, har muna jin tausayinsu. To amma tsakanin zuciyarsu da tamu, wacce ta fi buƙatar tausayi?

Akwai abin da ke ba da amsa, shi ne keken nan na motsa jiki da ake kafewa wuri guda. A shekarar 1954 masana biyu na ƙasar Suwidin, Per-Olof Astrand da Irma Ryhming, suka fitar da hanyar auna juriyar mutum da shi. Ana ɗaure birkin keken a kan nauyi sananne, mutum ya yi ta tuƙi minti 6, ƙafa na juyawa sau 50 a minti. A minti na 5 da na 6 sai a ƙirga bugun zuciyarsa, wanda ake so ya tsaya tsakanin 125 da 170. Daga nan a duba wani jadawali, a sa shekarun mutum da nauyinsa cikin lissafi, a kimanta yawan iskar oksijin da jikinsa ke iya amfani da ita idan aiki ya kai maƙura. Hikimar ba ta da wuyar ganewa. Mutum biyu sun ja kaya iri ɗaya. Wanda zuciyarsa ta buga 130 ya fi wanda tasa ta buga 165 juriya, domin kowane bugu nata na tura jini mai yawa, ba ta buƙatar gaggawa. Kiyasi ne, ba hukuncin alƙali ba, amma bai san girman riga ba.

Na gwada da kaina a wani gidan motsa jiki a Maraɗi, tare da wani abokina ma'aikaci mai shekara 45, mutum ƙaƙƙarfa, wanda da ya yi kokowa a dandalin ƙauyensu. Kafin minti na 4 ya sauka yana haki, yana cewa keken ne ba shi da kyau. Ni ma, gaskiya, ban fito da abin alfahari ba. Ƙarfin damtse daban, juriyar zuciya da huhu daban, kuma shekara 15 na zaman biro da shayi mai sukari da tuwon dare ba su bar mana ta biyun ba. Ga shi a al'adarmu tumbi alamar samu ne, ba wanda ke yi wa mai shi jaje.

Wanda ba shi da irin wannan keken zai iya yin wani gwaji da keken gida da agogo. Ka yi tuƙi har numfashi ya hana ka doguwar magana. Ka tsaya, ka ɗora yatsu biyu a wuyan hannu, ka ƙirga bugu na daƙiƙa 15, ka ninka sau 4. Bayan minti 1 ka sake. Wani bincike da aka buga a 1999 daga Kilibland ta Amurka, kan mutane sama da 2,000, ya nuna cewa waɗanda bugunsu bai ragu da fiye da 12 ba a mintin farko bayan gwajin motsa jiki sun fi saura haɗarin mutuwa a shekarun da suka biyo. Kada kuma a zarce iyaka: ana kimanta ta da cire shekarunka daga 220, wato 175 ga mai shekara 45. Mai hawan jini, ko ciwon sukari, ko wanda ƙirjinsa ke ɗaurewa in ya hau tudu, ya ga lokotoro tukuna.

Hukumar lafiya ta duniya, wato OMS, ta ce baligi na buƙatar aƙalla minti 150 na motsa jiki matsakaici a mako, abin da mai kai itace Maraɗi ke cikawa cikin kwana ɗaya ko biyu. Ni da abokina mun yi alkawarin tuƙi a bakin tabkin Madarumfa bayan la'asar, sau 3 a mako, mu koma kan keken gwaji bayan wata 2. Ya riga ya kai tsohon kekensa wurin mai gyara.