Jita-jitar 'Yan Kallo da Makomar Ɗalibi a Jami'o'in Amurka

A farkon watan Fabrairu na shekarar 2008, a wani ɗan ƙaramin gari da ake kira Fernley cikin jihar Nebada ta ƙasar Amurka, aka tara 'yan makarantar sakandare da malamansu a zauren wasanni, har da ma'aikatan talabijin, domin su shaida wani abin alfahari. Aka ajiye huluna biyu na hana-salla bisa tebur, ɗaya da tambarin Jami'ar Kalifoniya, ɗaya da na Jami'ar Oregon. Wani ƙaton saurayi ɗan ajin ƙarshe ya miƙa hannu ya ɗauki ta Kalifoniya ya kafa a ka, watau can ya zaɓa zai tafi ya yi wasan ƙwallo, zaure kuwa ya ɗauka da sowa. Kafin mako ya zagayo sai gaskiya ta yi halinta. Ashe babu ko ɗaya daga cikin jami'o'in nan biyu da ta taɓa yi masa tayin gurbi, kuma da bakinsa ya amsa cewa shi ya ƙaga labarin.

Mutane da yawa sun yi masa dariya. Ni kam tausayi ya ba ni, domin yaron nan ya taso ne a inda ake auna darajar saurayi da yawan maganar da ake yi a kansa, da ya ga ba a yi tasa, sai ya yi wa kansa. A kan masu wannan magana nake son mu ɗan tattauna, ya 'yan'uwana ɗalibai.

Sai na fara da bayani, don wanda bai san dawan garin ba. Wasan da Amurkawa ke kira ƙwallon ƙafa ba irin namu ba ne. Ɗan'uwan zari-ruga ne, mutum sha ɗaya-sha ɗaya, da ƙwallo mai siffar ƙwai, da kwalkwali, da ture-ture. Jami'o'i ne suka raine shi tun kafin a kafa ƙungiyoyin ƙwararru, shi ya sa har gobe yake da farin jini a can. Filin wasan Jami'ar Mishigan kaɗai yana cin mutum 107,601. Amma lokacin wasan gajere ne ƙwarai: daga ƙarshen Agusta zuwa Janairu, kuma wasa 12 ne kowace jami'a take da tabbacin bugawa. To, sauran watanni bakwai na shekara fa, da me mai goyon baya zai cika su? Da shaci-faɗi. Wane yaro ne zai zo, wane ne zai tsere, ina ƙungiyarmu ke da giɓi. Duk wanda ya taɓa zama a gidan kallon ƙwallo a garuruwanmu lokacin da ake cinikin 'yan wasa a Turai ya san irin wannan hira. Bambancin kawai shi ne, waɗanda ake taya a bakin Amurkawa yara ne 'yan shekara 16 ko 17, masu zuwa aji da safe.

Abin har ya zama sana'a. Akwai kamfanoni irin su Rivals da 247Sports da ba su da aiki sai bin 'yan sakandare suna ba su maki da taurari, daga biyu zuwa biyar. Cikin yara fiye da miliyan ɗaya da ke wannan wasa a sakandare, kimanin talatin ne kacal ke samun tauraro biyar a shekara. Magidanci da iyalinsa sai ya biya kuɗi duk wata domin a riƙa tsegunta masa cewa an ga wane ya ziyarci jami'a kaza ran Asabar, ko mahaifiyar wane ta fi son ya zauna kusa da gida. In yaro ya sa safar hannu mai launin wata jami'a, sai a kwana ana fassara ta kamar mafarki. Ranar sa hannu kuwa, wadda a da Larabar farko ce ta Fabrairu, kafin a ƙaro wata a Disamba tun daga 2017, sai ka ce ranar salla.

Ba zan ce duk shirme ne ba. Hira abincin rai ce, kuma taurarin nan, in aka dube su a dunƙule, ba su cika yin ƙarya ba: jami'o'in da suka fi tara masu huɗu da biyar su ne galibi ke kai wa ga kofi. Sai dai in aka zo kan mutum guda, a nan ma'aunin ke tuntuɓe. Josh Allen ya gama sakandare babu wata babbar jami'a da ta ba shi sukolashif, sai da ya bi ta wata ƙaramar kwaleji sa'an nan Jami'ar Wayomin ta ɗauke shi, ga shi kuwa shi aka zaɓa gwarzon ƙwararru na kakar 2024. Stetson Bennett ya shiga Jami'ar Jojiya ba tare da sukolashif ba, magoya baya suka yi ta kiran a kawo wanda ya fi shi, amma shi ya ja ragamar ƙungiyar ta ci kofin ƙasa sau biyu a jere, a kakar 2021 da ta 2022. Haka kuma zato kan ci tura ta wata fuskar. A Disamban 2021, Travis Hunter, wanda ake ganin ya fi kowane yaro a shekararsa, ya daɗe da yi wa Jami'ar Jihar Fulorida alkawari, sai ranar sa hannu ya jefar da hularta ya ɗauki ta Jackson State, wata jami'ar baƙar fata da ba ta ma cikin sahun manya. Masu duba duk suka wayi gari da kunya.

Amma kuskuren zato ba shi ne damuwata ba. Damuwata ita ce kalmar nan da ba ta barin bakinsu, watau “bukata”. Muna bukatar ƙarti biyu masu tare gaba. Muna bukatar sabon madugu, wato mai jefa ƙwallo wanda wasa ke gudana a hannunsa. Mai wannan magana yana yi ne kamar mai lissafin buhunan da suka rage a rumbu, alhali kuwa rumbun nan cike yake, kuma yana da iyaka. Shekara da shekaru doka ta kayyade wa kowace babbar jami'a sukolashif 85 a wannan wasa. Saboda haka duk gurbin da ɗan kallo ya cike da bakinsa, akwai mai shi: wani saurayi ne da aka yi wa irin wannan sowa shekara biyu da suka wuce, aka je har ɗakin uwarsa aka yi mata alkawari, yau kuwa ya zama “giɓi” saboda gwiwarsa ta samu rauni ko don an hango wanda ya fi shi gudu. Ana ta tambayar wa zai shigo, ban taɓa jin ana ɗokin sanin wa zai fita ba, balle ina zai nufa.

Kada a ce zargi ne kawai nake yi. A 2009 Jami'ar Misisipi ta sa yara 37 suka sa hannu a shekara guda, alhali 25 doka ta yarda a shigar, har sai da ƙungiyar jami'o'in yankin ta kafa ƙa'ida don hana irin haka. A Disamban 2022 Jami'ar Kolorado, bayan ta ci wasa ɗaya tak cikin 12, ta ɗauko Deion Sanders ya zama mai horar da 'yan wasanta. A zamansa na farko da yaran ya gaya musu ƙiri-ƙiri cewa yana tafe da nasa mutanen, wanda ya ga dama ya nemi wani wuri. Kafin a fara kakar 2023 fiye da 50 sun bar ƙungiyar. 'Yan kallo suka yi ta murna, tikiti ya yi tsada, talabijin ta tare a garin. Sunayen sababbin kowa ya haddace su. Na waɗanda suka tattara littattafansu a tsakiyar karatu kuwa, sai iyayensu.

A nan wani zai ce, ai yanzu yaran ma sun samu 'yanci, kuma gaskiyarsa. Tun Oktoban 2018 aka buɗe wani kundi da ɗan wasa zai sa sunansa in yana son sauya sheƙa, daga 2021 kuma aka daina tilasta masa zaman shekara guda ba wasa in ya sauya. A watan Yunin wannan shekara Kotun Ƙoli, alƙalanta tara baki ɗaya, ta yanke hukunci a kan hukumar wasannin jami'o'i, NCAA, game da tauye wa 'yan wasa wasu amfanoni na karatu, ran 1 ga Yuli kuma aka halatta musu karɓar kuɗin talla da sunansu. A Yunin 2025 Mai Shari'a Claudia Wilken ta amince da wani sulhu da ya ba kowace jami'a damar raba wa 'yan wasanta har dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Ni ina goyon bayan wannan duka. Masu horarwa sun daɗe suna karɓar miliyoyi suna tsallakawa daga wannan jami'a zuwa waccan ba mai ce musu kanzil, to don me za a ɗaure wanda jikinsa ke shan dukan? Kuɗin ma da can ana bayarwa, a ƙarƙashin tabarma ne kawai, har aka rufe wasan Jami'ar SMU ta Teksas ɗungurungum a 1987 saboda haka.

Sai dai 'yancin nan ya ƙara wa bakin ɗan kallo kaifi, domin yanzu da kuɗinsa a ciki. Attajirai da tsofaffin ɗalibai sun kafa asusu-asusu, talaka ma ana roƙonsa ya riƙa zuba nasa duk wata. Jami'ar Tenesi ta ɗora kashi 10 cikin 100 a kan kuɗin tikitin 2025, ta ce na biyan 'yan wasa ne. Wanda ya biya kuwa sai ya ɗauka ya saya. Da madugun ƙungiyar, Nico Iamaleava, ya rabu da ita a Afrilun 2025 bisa abin da aka ruwaito saɓani ne kan kuɗi, sai aka yi masa ca, ana kiransa maci amana. Waɗanda ke wannan zagi su ne dai jiya suke lissafin wanda ya kamata a sallama. In jami'a ta canza yaro, an cike giɓi ke nan. In yaro ya canza jami'a, ya zama butulu. Wannan wane irin ma'auni ne?

Kuma ba duk adadin da ke yawo a baki ne ke shiga aljihu ba. An yi ta yayata cewa an yi wa Jaden Rashada alkawarin dala miliyan 13.85 don ya zo Jami'ar Fulorida. Ya sa hannu a Disamban 2022, yarjejeniyar ta wargaje, a Janairu aka sake shi, a 2024 kuma ya shigar da ƙara yana zargin an yaudare shi. Wannan ma sananne ne shi ya sa muka ji labarinsa. Da yawa daga masu sa suna a kundin sauya sheƙa ba sa samun mai ɗaukarsu, ga shi sun saki reshe. Hatta sulhun 2025 ɗin ya zo da sabuwar iyaka ta mutum 105 a ƙungiya, alhali wasu jami'o'i suna riƙe da fiye da 120, har sai da alƙaliyar ta jinkirta amincewa domin a kāre waɗanda ke ciki kada a watsar da su.

Abin da ya fi ba ni mamaki, a matsayina na ɗalibi mai rubutu ga ɗalibai, shi ne yadda kalmar karatu ta ɓace daga wannan hira ɗungum. An san tsayin yaro, da nauyinsa, da daƙiƙun da yake cinyewa a gudun yadi 40, amma ba a san sashen da yake karatu ba. Alhali kuwa, bisa ƙididdigar ita kanta NCAA, waɗanda ƙungiyoyin ƙwararru ke zaɓa ba su kai biyu cikin 100 ba. Sauran duka takardar digiri ce za ta ci da su. Wanda ya sauya jami'a sau biyu ko uku kuwa, kowa a cikinmu ya san abin da ke faruwa: ba duk darasin da ka ci a can ne za a lissafa maka a nan ba, sai ka ga shekarun wasa sun ƙare, digiri bai kammala ba, gwiwa kuma ta riga ta tafi.

Ba na neman a hana kowa hirarsa, ba ma mai iyawa. Abin da nake gani ya kamata ƙarami ne, kuma jami'o'in ke da ikon yinsa. Duk ranar da jami'a ta buga sunayen sababbin yaran da ta ɗauka, da hotunansu da taurarinsu, to a gefen wannan shafi ta buga lissafin waɗanda ta ɗauka shekara biyar baya: nawa suka gama digiri a wurinta, nawa suka koma wata jami'a, nawa suka bar karatu gaba ɗaya. Ofishin rajistara yana da wannan lissafi, ba sai an biya wani kamfani duk wata ya tsegunta shi ba. Uban da ke zaune da ɗansa gaban huluna biyu ya fi kowa bukatar ganin wannan shafi kafin yaron ya miƙa hannu.