Wa Ke Da Gandun Dajin Zamfara?

Kowace damina akan tara jama'a a yi bikin dashen itatuwa, manya su yi jawabi, a dasa, a watse. Amma ba ranar biki ake auna amfanin tsare daji ba. Sai shekaru sun shuɗe, jikokin waɗanda suka shata iyaka sun kawo ƙarfi, sa'an nan ake sanin abin da aka shuka. Ƙasar Zamfara ta kai wannan matsayi, don haka ya kamata a zauna a yi lissafi.

Tun zamanin Turawa, bisa dokar gandun daji ta 1916, aka shiga keɓe dazuzzuka a Arewa, aka damƙa tsaronsu ga En'e da malaman daji. A 1965 kuma Gwamnatin Jihar Arewa ta kafa dokar keɓe wa makiyaya wuraren kiwo. Niyya dai kyakkyawa ce, watau a tare hamada, a kare ƙoramun da ke zuba cikin Gulbin Sakkwato, a raba noma da kiwo. Sai dai tun farko an ɗauki talaka a matsayin ɓarawon daji, ba mai shi ba. Manomin Furfuri ko na Bunguɗu bai san gandu da kome ba sai hani da tara. To, wa zai yi wahalar renon abin da aka ce ba nasa ba ne?

Muddin hukuma na da ƙarfi, tsoro ya tsare dajin. Da aka rushe tsarin En'e a 1976, kulawa ta yi ta raguwa, masu hannu da shuni suka yanki gandu suka mai da shi gonaki, aka toshe burtali da mashaya, motocin icce da gawayi suka cika hanyar Tsafe da Gusau. Makiyayi ya rasa inda zai bi, manomi ya rasa inuwa da taki. Abin da ya rage kuwa, kamar Kuyambana da Sububu da Munhaye, ya zama mafakar 'yan bindiga. Ba mu ce daji ne ya haifi wannan masifa ba, gama sanadinta da yawa. Amma gidan da masu shi suka ƙaurace masa, kowa ya san irin baƙin da ke tarewa ciki.

Mu dubi maƙwabtanmu na Maraɗi, waɗanda farin 1973 da na 1984 ya fi mu gasa wa aya a hannu. Daga 1983, da taimakon wani malamin gona mutumin Ostareliya, Tony Rinaudo, manoma suka rungumi abin da suke kira sassabin zamani. Maimakon a ƙone kututture, sai a zaɓi tohon da ya fi ƙarfi a bar shi ya tashi. Gawo ya dawo gonaki, ga shi kuwa yana kaɗe ganyensa da damina, ba ya tsare wa gero rana, da rani kuma ya ciyar da dabba. Dokar karkara ta 1993 da ta daji ta 2004 suka ƙarfafa haƙƙin manomi a kan iccen gonarsa. Masana sun ƙiyasta cewa ta haka aka farfaɗo da kimanin hekta miliyan 5 a kudancin Nijar, da itatuwa wajen miliyan 200. Ba shinge ba ne ya yi wannan aiki, mallaka ce.

Saboda haka muna jawo hankalin hukuma ga abu uku. Na farko, a sake shata iyakar kowane gandu da burtali, a bayyana wa jama'a sunan duk wanda aka yankar wa fili. Na biyu, a ba manoma da makiyaya da masu unguwanni hannu cikin tsaron daji da cin moriyarsa. Na uku, shirin Babbar Koriyar Ganuwa, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007, kuma Zamfara na cikin jihohi 11 da ya shafa, a riƙa auna shi da yawan iccen da ya rayu shekara biyar, ba yawan wanda aka dasa ba.

Ma'aikata da ɗalibai, ku ne za ku riƙe takardun nan gobe. Idan aka kawo muku rahoton dashe, ku tambayi mai shi: nawa suka rayu, kuma na wane ne?