Ƙarfe ma yana gajiya

Makon jiya, a hanyar Jibiya, sifirin motar hayar da na shiga ya karye. Ba wani babban rami muka faɗa ba, kayan da ke cikinta kuma ba su wuce na kullum ba. Direba ya ce ƙarfen jabu ne, wani fasinja ya ce tsautsayi. Bakaniken da aka kira bai ce uffan ba, sai ya miƙo mini guntun ƙarfen. Rabin fuskar karayar sumul yake, ya yi duhu, da zane-zane kamar sawun ruwa a kan yashi; ɗaya rabin kuwa sabo fil, mai kaushi. Wato ƙarfen ya daɗe da tsagewa, ranar ce kawai ya ƙarasa.

Masana injiniyanci suna kiran wannan gajiyar ƙarfe. Duk wanda ya taɓa lanƙwasa waya gaba da baya har ta tsinke ya san abin. Nauyin da ba zai karya ƙarfe a lokaci guda ba, idan aka yi ta ɗora shi ana saukewa sau dubbai, sai ya buɗe 'yar tsaga a wurin da ke da rauni: bakin rami, kusurwa, tabon tsatsa ko inda aka yi walda. Tsagar tana ci a ɓoye har ƙarfen da ya rage ya kasa ɗaukar kaya.

Da rayuka aka sayi wannan ilimi. A 1842 sandar da ke riƙe ƙafafun wani jirgin ƙasa ta karye kusa da Faris, fiye da mutum 50 suka halaka. Daga baya wani injiniyan jirgin ƙasa Bajamushe, August Wöhler, ya shafe shekaru yana juya sandunan ƙarfe a na'ura yana ƙirga sau nawa kowace za ta juya kafin ta karye. Aiki ne mai gundura, babu tafi, amma a kansa aka gina lissafin da ake amfani da shi har yau. A 1954 kuma jiragen sama biyu samfurin Comet suka tarwatse a sama. Sai da masu bincike a Ingila suka nutsar da gangar jikin wani a tankin ruwa, suna matsa ta suna saki, kafin suka ga inda tsagar ke farawa.

Me ya kawo wannan magana Katsina? Tun farkon shekarun 1980 muke da masana'antar mulmula ƙarafa a garin nan, rodi kuwa yana cikin kowane bene da ake ɗagawa. A 2021 aka ƙaddamar da aikin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi, wanda zai ratsa ta nan. Ranar da jirgi ya fara gudu, dole a sami mai duba layin da ƙafafun jirgin, ya gano tsaga tun ido bai gan ta ba. Wa muke shiryawa?

Ɗaliban da nake haɗuwa da su, yawancinsu likitanci ko kwamfuta suke hange, ban kuma ga laifinsu ba. Amma akwai sashen nazarin ƙarafa a Jami'ar Ahmadu Bello, Zariya, ga kuma Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hassan Usman a gida. Ina roƙon gwamnatin jiha ta ware gurabe kaɗan na tallafin karatu ga wannan fanni, ta kuma sayi na'urar gwajin gajiyar ƙarfe ko da guda ɗaya ce.

Bakaniken nan dai walda ya yi wa sifirin, muka ci gaba da tafiya. Guntun da ya ba ni yana kan teburina.