Iyaye maza Kirista, wa kuka bar wa addu'ar 'ya'yanku?

A yawancin gidajen Kirista a Kudancin Kaduna, Filato, Gombe ko Adamawa, idan ka tambayi yaro wa ke yi masa addu'a kullum, amsar guda ce: Mama. Ita ke tashi da asuba, ita ke zuwa taron Zumuntar Mata da sunayen 'ya'yanta a baki, ita ke ɗaukar azumi idan jarabawar WAEC ko JAMB ta ƙarato. Baba kuwa da zarar ya biya kuɗin makaranta ya kai iyali coci ranar Lahadi, sai ya ga ya sauke nauyi. A ganina da sauran aiki a gabansa.

Abin lura shi ne, fitaccen misalin mai roƙa wa 'ya'ya a kai a kai cikin Littafi Mai Tsarki namiji ne. Sura ta farko ta littafin Ayuba ta nuna mutum mai 'ya'ya 10, maza 7 da mata 3, mai dukiya da hidimomi, amma duk lokacin da suka gama zagayen bukukuwansu yakan yi sammako ya miƙa hadaya domin kowannensu, don gudun ko wani ya yi zunubi a zuciyarsa. Bai jira an kawo masa ƙara ba. Al'adarsa ce.

Ba ina rage darajar abin da mata ke yi ba ne. Har gobe ana tuna Monika, mutuniyar garin da yanzu ake kira Souk Ahras a Aljeriya, wadda ta shekara da shekaru tana kuka da roƙo kan ɗanta Agustin, har aka yi masa baftisma a Milan ta Italiya a shekarar 387. Sai dai ita kaɗai ta ɗauki kayan ne domin mijinta bai karɓi bangaskiya ba sai dab da rasuwarsa. To, dattijon ikkilisiya a ECWA, COCIN ko EYN, mai zama a kujerar gaba, mene ne nasa uzurin?

Maza sun iya addu'a idan wuta ta tashi. Lokacin da 'yan bindiga suka kwashe ɗalibai sama da 100 daga makarantar Bethel Baptist a Ƙaramar Hukumar Chikun a Yulin 2021, iyaye maza da mata duk sun durƙusa a harabar makarantar. Babu wanda ya ce aikin mata ne. Matsalar tana ranakun da babu labari, kuma a irin waɗannan ranaku ne ake rasa yara da yawa, suna kwana a ɗakinsu. Kafin gwamnati ta hana sarrafawa da shigo da maganin tari mai kodin a 2018, samari nawa ne suka daɗe suna sha iyayensu ba su sani ba?

Nan ne amfanin addu'ar kullum yake, ko ga wanda ke kallonta da idon duniya kawai. "Allah Ya albarkaci yaran nan" ba ta buƙatar ka san komai. Amma uban da zai ambaci sunan 'yarsa kowane dare, bayan mako guda kalmomi za su ƙare masa, dole ya tambaye ta: me ke damunki a makaranta, wace ce ƙawar nan, me ya sa kika daina cin abinci? Yaron da ya ji mahaifinsa, wanda ya saba gani da tsawa, ya sunkuyar da kai yana roƙon Allah dominsa, ya san yana da wurin zuwa ranar da ya yi ɓarna. Maƙwabtanmu Musulmi ma sun san nauyin bakin mahaifi, shi ya sa ba sa wasa da sa albarka.

Abin da ya fi damuna shi ne yadda wasu ke ba da addu'ar kwangila. Yaro ya fara taurin kai, sai a kai shi gidan wani mai addu'a, a sayi mai da ruwa, a ba da baiko na musamman. Wani lokaci a ce masa maye, a sa shi azumin dole, har da duka. Yaron da ke neman kunnen mahaifinsa sai ya dawo da tabo. Fasto na iya taya ka, amma yana da ɗaruruwan mutane a wuyansa, bai san yadda ɗanka ya kwana ba.

Na san uzurin: direba yana hanya, ɗan sanda yana aikin dare, manomi ya dawo a gajiye. Sujadar iyali ba ta bukatar awa guda, minti goma bayan tuwon dare sun isa. Wanda ɗansa ke makarantar kwana ko bautar ƙasa a wata jiha kuwa, kiran wayar da yake yi don tambayar ko kuɗi sun shiga zai iya ɗaukar ƙarin minti biyu.